Rijiyar Baffana Da Na Ƙi Shafa Wa Jan Fenti

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don ba zagi na rasa ba, kullum ina yi wa kaina. Sunayen da zan ambata ba na gaskiya ba ne.

Ni duba-gari ne, ina zaune a Takur cikin Dutse, amma asalina wani ƙauye ne a hanyar Aujara. Lokacin da aka ba mu jiha, gine-gine suka tashi ko'ina, sai wani ɗan kasuwa ya zo neman fili don jiƙa katako da turakun lantarki a cikin baƙin mai, wanda ke hana gara ci. Baffana, ƙanin mahaifina, shi ya ɗauki gonar da babanmu ya bari ya miƙa masa, ina makaranta ban sani ba. Da na dawo na yi magana, a ƙofar masallaci ya kwaɗa mini mari, mutane na kallo, ya ce, “Ubanka bai bar komai ba sai kai, kai kuwa ba abin gado ba ne.” Da wannan kaɗai ne, da na haƙura. Amma washegari ya aika wa Innata cewa kada ta ƙara zura guga a rijiyar gidansa, ta jira ɗanta mai baki ya haƙa mata tata. Shekara uku tsohuwar nan tana zuwa bayan gari da tulu, ga ciwon ƙafa, har Allah ya karɓi abarsa. Ranar jana'izarta Baffa ne a sahun gaba, yana ta share ido da hannun riga.

Mai katako ya yi shekarunsa ya tattara ya tafi, ya bar kwamin siminti da ramin da suke zubar da ragowar mai. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, ko ciyawa ba ta fitowa, idan rana ta take warin kwalta har cikin gari. Da awaki suka fara mutuwa, mata suka fara ƙorafin ruwa, sai aka turo ma'aikata su gyara wurin. Katafila ta kwashe baƙar ƙasar, tifa-tifa suka yi ta jigila da ita, aka cike ramin da sabuwa. Injiniyan da ya jagoranci aikin ya ce mana kwashe ƙasa shi ne mai sauƙi, matsalar tana can ƙasa, man ya riga ya tsiyaya cikin ruwa, kuma ba shekara ɗaya ko biyu zai yi ya fita ba. Saboda haka za a ɗebi ruwan kowace rijiya a kwalba a kai Kano a auna, wadda ta lalace a shafa mata jan fenti a rufe ta da siminti, a yi wa mutane burtsatse can nesa. Wa aka ba ɗibar ruwan? Ni, tunda ni ne ɗan gari.

Da na je gidan Baffa, shi ya fito da kansa, ya tsufa, ya kama hannuna ya ce, “Ɗana, ka rufa mini asiri. Rijiyar nan da hannuna na haƙa ta, kada a toshe mini ita ina raye.” Ɗana! Ranar na fara jin kalmar a bakinsa. Na zura guga na jawo. Wallahi tun kafin ya iso baki na ji warin, ga wani maiƙo yana sheƙi a saman ruwan. Su mutanen gidan sun saba, sun ce ɗanɗanon ƙasar wurin ne. Na cika kwalba na rubuta sunansa, na ce, “Kada ka damu Baffa, ba mai taɓa maka ita.” A hanya na tsaya, na tuntsurar da ruwan a gindin wata bishiya, na wanke kwalbar tas, na cika ta a famfon ofishinmu. Ba kuskure ba ne, ba tausayi ba ne. A raina na ce, ruwan da ka hana uwata, sha shi kai kaɗai har ka ƙoshi. Sakamako ya dawo, rijiyar da ke damansa ja, ta hagunsa ja, tasa lafiya lau. Injiniya ya yi mamaki ya ce a sake ɗiba. Na sake ɗiba, na sake yin abin da na yi, sannan da hannuna na rubuta wa Baffa takardar shaidar cewa ruwansa lafiyayye ne.

Ku ji inda rashin imanina ya kai. Daga nan na fara zuwa gaishe shi, abin da na daina tun rasuwar Inna. Ba don zumunci ba, so nake in gan shi yana sha. Amma kun san ba a shiga gidan Bahaushe a fita ba a kawo ruwa ba, to yaya zan yi? Sai na mayar da ziyarata Litinin da Alhamis. A kawo kwanon sha in ce, “Alhamdu lillahi, ina azumi.” Wata rana azumin nake da gaske, wata rana kuwa na ci ƙosai a tasha na goge baki. Shi kuwa ya ɗaga kwanon ya kafa kai, ina kallon maƙogwaronsa yana motsi, ina jin sanyi a zuciyata. Da aka ƙaddamar da shari'a, ana neman mutanen kirki a kwamitin masallaci, Baffa ne ya miƙe ya ce a sa ni, wai shekara da shekaru bai taɓa ganin na sha ruwa ran Litinin ba. Yanzu Malam ake ce mini a ƙauyenmu.

Abin da ban yarda na tuna ba shi ne, ba shi kaɗai ke sha ba. Yana da 'ya, zan kira ta Hansatu, ƙanwata ce ke nan. Ita ce lokacin da aka hana Inna ruwa take satar hanya ta bayan danga ta cika mata randa, ta sha duka a kan haka ba sau ɗaya ba. An yi mata aure a Kafin Hausa. Cikinta na fari aka kawo ta gida goyon ciki kamar yadda ake yi, ta yi wata biyu, ta haifi yaro bai zo da rai ba. Na biyu ma aka ce ta dawo kusa da uwarta, wannan ya yi kwana huɗu ya koma. Ni ba likita ba ne, ban isa in ce rijiyar ce ba, rai na Allah ne. Amma na ga ana tafasa ruwan nan a tukunyar jego, tururi na tashi da warin da na sani, ana watsa mata a jiki safe da yamma, ana dama mata kunun kanwa da shi. Na tsaya a tsakar gida na yi ta'aziyya na tafi.

Bayan na biyun ta same ni a zaure, ta durƙusa, ta rame kamar ba ita ba. Ta ce, “Yaya, kai ka san aikin lafiya. Dangin mijina suna cewa wabi nake yi. Me ke damuna?” Kun san abin da na ce mata? Tsoro ya kama ni kada ta ga wani abu a fuskata, sai bakin nan nawa ya faɗi abin da muke faɗa wa kowa a wurin aiki. Na ce, “Ki riƙa samun hutu, ki yawaita shan ruwa.” Ta ce, “To Yaya, na gode.” Wane irin mutum ne zai faɗi haka? Ko kare aka yi wa wannan ai an zalunce shi.

Yanzu tana da ciki na uku, wata bakwai. Mijinta ya ce idan wannan ma bai tsaya ba ta yi zamanta a gidan ubanta. Ranar Juma'a mai zuwa za a kawo ta. Na je wurin mijin na ce a bar ta ta haihu a ɗakinta, ya ce uwarta ta rantse sai a gabanta. Na je wurin Baffa na ce rijiyar ta tsufa, a rufe ta a koma burtsatse. Ya shiga ɗaki ya fito da wata takarda a cikin leda, ya buɗe a gabana ya ce, “Wannan ba hannunka ba ne? Ba kai ka rubuta ruwana lafiyayye ne ba? Duk unguwar nan tawa kaɗai ta tsira, mahassada ne suka zuga ka.” Ma'aikatan gyara sun daɗe da tafiya, an rufe fayil. Babu wanda zai sake auna ruwan nan sai idan na je na ce ni na musanya kwalba, sau biyu, da gangan. Ranar da na faɗa, aikina ya tafi, mai yiwuwa har gaban alƙali, kuma Hansatu za ta san wanda ya tsaya yana kallo ana binne 'ya'yanta.

Shekaranjiya na gan ta a gidanta. Ta rako ni har ƙofa tana tafiya da ƙyar, ta sunkuyar da kai ta ce, “Yaya, na roƙi maigidana, idan namiji ne kuma Allah ya bar mana shi, sunanka za a sa. Kai kaɗai ne ba ka taɓa ce mini mai wabi ba.” Na ce Allah ya sauke ki lafiya, na hau babur.

Saura kwana biyar a kawo ta. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?