Ruwan da Babu Gishiri

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya gwiwar? Ina fatan shan maganin kike yi, ba ajiyarsa ba kamar yadda kika saba.

Daga asibiti nake rubuto miki. Kin tuna nacin da na yi wa Baban yara har ya bar kamun kifi a teku? Na ce ba zan zauna jiran ranar da kifin shak zai cinye min miji ba. Muka tattara muka dawo bakin kogi, ya koma ɗiban yashi. Har cika miki baki na yi cewa na yi dabara.

Ranar Talata yana tsaye ruwa iya ƙugu, kogin ya yi jawur da laka, wani abu ya tunkuye shi. Ya zaci kututture ne. Abin ya juyo ya cafke masa cinyar hagu.

Jami'in kula da masunta ya ce shak ne, irin wanda ake kira bijimi. Shi ruwa da gishiri da babu duk ɗaya ne a wurinsa. Ruwa mai laka marar zurfi yake so, macen ma a bakin koguna take haihuwa. Yaya, na yi gudun gara na faɗa wa zago. Likita yana ƙoƙarin ceto ƙafar, amma ba ya haɗa ido da ni.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ya jikin? Saƙonki ya iso, na gode.

Ƙafar ta ruɓe. Yana cikin zazzaɓi bai san inda yake ba, saboda haka ni aka miƙa wa takardar yanke ta, ni na sa hannu.

Kin ce ƙaddara ce. Na sani, amma zuciyata ta ƙi ji. Shekara ashirin teku bai taɓa ko farcensa ba. Da zai zage ni da na ji sanyi, amma ko kallon banza bai yi min ba.

Yau da safe ya farka, ya roƙe ni in sosa masa tafin ƙafar hagu, wai ƙaiƙayi ya dame shi. Ban iya gaya masa ba. Na durƙusa na sosa zanen gado, ya ce Allah ya yi min albarka.

Ki gaida kowa.

Taki,
Auta