Ranar da Na Koma Ciyayya

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da yara. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Roni lafiya lau, an fara girbin gero.

Ka tambayi jikina. Tun aikin sankarar hanjin nan ciwon bai tafi ba, ya dai ragu. Ina shan magani, ina zama a karkace bisa matashi. Abin da ya fi damuna ledar bayan gida ce da aka maƙala min a ciki. Saboda ita na yi wata huɗu ban fita ciyayyar ƙofar gida ba, ina ci ni kaɗai a ɗaki.

Ranar Talata maƙwabcinmu Malam Sale ya shigo zaure da kwanonsa da mutum uku. Ya ce, "Tunda ba ka fitowa, mu mun shigo." Muna cikin ci ledar ta yi ƙara, kowa ya ji. Na cire hannu. Malam Sale bai ɗago ba, ya turo min tsokar nama, ya ce, "Malam Isa, miyar gidanka gishiri ya yi kaɗan." Na mayar da hannu.

Jiya ni na fitar da tabarmar ciyayya ƙofar gida.

Ka sa ni a addu'a, wata mai zuwa zan koma asibiti. Ka gaida Hajiya Rabi da yara. Idan ka zo, a ƙofar gida za ka same ni.

Ƙaninka,
Isa