Kwalayen da Muka Ɓoye a Motar Asibiti

Zuwa ga Yayata, abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki da sauƙi a jikinki, Ya yaye miki wannan ciwo, Ya sa kaffara ne. Yaya ƙarfin jiki? Yaya baban yara da ɗawainiyar asibiti, yaya 'yan biyunki da karatu? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa bakin ƙofa ba tare da sanda ba, kuma faɗa ya dawo sabo, kin san idan Inna ta fara yi wa mutane faɗa a kan wanke-wanke to lafiya ta samu. Matar Kawu ta sauka lafiya, an samu mace. Maigidana ma yana nan, sai ciwon bayan nan nasa da ba ya jin magani.

Yaya, na san kin yi fushi da ni, kuma kina da gaskiya. Kwana tara kina kira ina ƙin ɗauka, idan na ɗauka in ce miki ina cikin taro. Wallahi ba taron da nake ciki. Bakina ne ya kasa faɗa, shi ya sa na zauna na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in turo miki ta waya don kada lokaci ya ƙure. Kin ce likitocinku sun sa ranar Laraba ta sama don yi miki tiyata, kuma sun nemi sunan maganin barcin nan da aka yi miki allurarsa shekara tara da suka wuce, wanda jikinki ya ƙi, kika kumbura, numfashinki ya ɗauke, muka yi kwana biyu a bakin ɗaki ba mu san ko za ki tashi ba. Sun ce idan ba su san shi ba, suna iya sake ba ki shi ko ɗan'uwansa. Ni kuma na buɗe baki na ce miki wannan ai ƙaramin abu ne, ki ba ni kwana biyu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya. Ban samo fayil ɗinki ba, kuma ba na jin zan samo shi.

Bari in gaya miki yadda aka yi tun daga tushe, don kada ki ɗora laifin a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Kin san shekarata ashirin da biyu a ɗakin ajiyar takardu na ma'aikatar lafiya, har kuke tsokanata da Uwar Fayil. Ƙa'idar aikinmu ita ce, duk majinyacin da ya yi shekara biyar bai koma asibiti ba, sai asibitin ya ɗaure fayil ɗinsa a kwali ya aiko mana. Doka ta ce fayil ɗin wanda aka yi wa tiyata sai an ajiye shi shekara ashirin da biyar, a shigar da lambarsa a rajista, a rubuta kantar da yake kai, yadda duk ranar da aka nema za a miƙa hannu a ɗauko. Dokar ba ta da laifi, ni ma na haddace ta kamar sunana. Amma mu biyu ne a ɗakin, ni da wani dattijo da idonsa ya fara rauni, kantoci sun cika maƙil, kwalaye kuma ba su daina zuwa ba. Shekara uku da suka wuce sai da kwali ɗari da arba'in suka taru a barandarmu, an jera su har sun kusa taɓa silin, ko ɗaya ba mu kai ga shigarwa a rajista ba.

Ana cikin haka sai ga takarda cewa masu binciken bin dokar ajiyar takardu za su zo mana. Mun san yadda suke aiki, don ba yau suka fara ba. Sukan buɗe rajista su zaɓi lamba ashirin, su ce a ɗauko kowace cikin minti biyar, sannan su duba ƙasa su ga ko akwai takarda a zube, su duba tukunyar kashe gobara, su tafi. Abin da ba ya cikin rajista ba za su taɓa tambayarsa ba, amma abin da idonsu ya gani a ƙasa laifi ne babba. Daraktanmu na lokacin ya kira ni ofishinsa, ya ce ba za a kunyata shi a kan kwalaye ba, a kwashe su a zuba a cikin matattun motocin asibitin nan guda biyu da ke bayan ɗakin janareto, na kwana uku kacal, baƙi na tafiya a dawo da su. Ban ce a'a ba, Yaya. Ko gardama ban yi ba. Ni na tsaya a kan leburori ina cewa su yi sauri, har da kaina na ɗauki wasu. Muka share baranda, muka goge ta har tana ƙyalli. Masu bincike suka zo, na ɗauko musu fayil ashirin ɗin nan kafin su gama shan ruwa, suka yaba mini, na sa hannu a takardar da ta ce duk abin da aka aiko mana yana kan kanta. Aka ba mu takardar yabo, aka sa ta a gilashi, tana nan rataye a saman teburina. Kyan ɗan maciji ke nan.

Kwana uku suka zama mako, mako ya zama wata. Ba zan ce ban yi komai ba, don sau bakwai na rubuta ina neman a ƙaro kantoci a dawo da kwalayen. Kafin a amsa sai aka yi wa darakta canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya buɗe rahoton masu bincike, ya nuna mini sa hannuna, ya ce shi a takarda bai ga wani kwali da ya rage ba, to da wane baki zai nemi kanta don kayan da babu su? Filin motocin kuma a ƙarƙashin sashen sufuri yake, su suka ce ba huruminsu ba ne su taɓa takarda, mu kuma ba huruminmu ba ne mu buɗe mota. Daga nan ni ma na gaji na yi shiru, gaskiya ke nan. Kullum ta gefen motocin nake wucewa idan zan je bakin titi, sai in kawar da kai kamar wadda ta ga wanda ba ta son gaisawa da shi. Damina uku ta sauka a kansu. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba in tambayi kaina fayil ɗin su wa ke ciki.

Ranar da kika kira, da safe na buɗe rajista da lambar da ke jikin ɗan katinki, ina ta fara'a. Na bi shafi-shafi ban gan ta ba. Na sake bi da yatsa, babu. Sai na hau mota na je asibitin da aka yi miki aikin, a raina ina cewa su ne ba su aiko ba, har na shirya maganar da zan gaya musu. Ma'aikaciyar wurin, wata baiwar Allah mai haƙuri, ta ɗauko littafin aike ta buɗe mini. Ga lambarki nan a kwali na tamanin da takwas, ga kwanan wata, ga hatimin ofishinmu, ga kuma hannun wadda ta karɓa. Hannuna ne.

Washegari na roƙi mai gadi da wani tsohon direba suka ɓalle mini ƙofar motocin, don mabuɗan sun daɗe da ɓata. Wayyo Yaya, gara da ba ki gani ba. Rufin ya ruɓe ta inda fitilar sama take, ruwa ya yi ta zuba, gara kuma ta hau ta tayoyin da suka sace ta gina gidanta har kan kujerar direba. Kwalayen sun narke sun haɗe, babu mai lamba a jiki. Idan na kama fayil sai ya taho a dunƙule kamar tubali, idan na ɓare shi ya marmashe a hannuna. Kwana huɗu na yi ina tona, na ɗaure hanci da gyale, ina shanya abin da ya yi saura a rana. Na tsinci shafukan mutane da yawa da ake iya karantawa, na wata mata da aka cire wa ƙoda ɗaya, na wani mutum da aka rubuta kada a ƙara masa wani irin jini. Su ma suna can wani wuri suna zaton takardarsu na ajiye. Naki ko bangonsa ban gani ba. Mai gadi ya ce in haƙura haka nan, ihu bayan hari nake yi, na zauna a kan matacciyar taya na yi kuka kamar ƙaramar yarinya.

Ban tsaya nan ba, kada ki ce na yi sake. Na nemi babban littafin ɗakin tiyata na shekarar, aka ce tare da kwalayen aka aiko shi. Na je wurin masu ba da magani, suka ce nasu littafin shekara biyar yake yi a ƙone shi. Kwamfuta kuwa sai bayan kin bar ƙasar aka fara sa sunayen mutane a ciki. Likitan da ya yi miki aikin Allah Ya yi masa rasuwa bara waccan. Na koma wurin darakta na roƙe shi ko takarda ce ya rubuta cewa fayil ɗin ya lalace, don likitocinku su san a kan me suke. Ya ce in yi haƙuri, yana tausaya mini, amma ma'aikatar da ke da takardar yabo ba za ta rubuta da hannunta cewa ta karya doka ba. Iyakar abin da zai sa wa hannu shi ne ana kan nema. Ana kan nema! Kamar Laraba za ta tsaya ta jira mu.

Jiya da hantsi na je wurin mutum na ƙarshe da ya rage mini, tsohon ma'aikacin da ya yi miki allurar barcin. Ya yi ritaya, sai da na yi tambaya gida uku kafin na same shi zaune a ƙofar gidansa yana gyaran rediyo. Ina faɗa masa wace ce ke ya ajiye rediyon. Ya ce ai ba zai manta da ke ba, a duk shekarunsa na aiki ke ce kika fi tsorata shi, har ya kwatanta mini yadda leɓɓanki suka canja launi. Raina ya dawo, na ce to sunan maganin. Ya ce magani uku ya ba ki a jere a ranar, sai daga baya suka zauna da likita suka gano wanda ya yi ɓarnar. Ya ambaci wani suna, ya ce a'a, ya ambaci wani, sannan ya ce in goge su duka daga takardata, ba zai yi canki-canka da ran mutum ba, kansa ya tsufa. Sai ya yi murmushi ya ce kada in damu, dama ya san wata rana zai manta, shi ya sa ya rubuta sunan da jan biro da manyan baƙaƙe a bangon fayil ɗinki, ya sake rubutawa a ciki, ya kuma rubuta a littafin ɗakin tiyata, wuri uku, don mutum yana mantuwa yana mutuwa amma takarda tana nan. Ya ce tunda a ɗakin ajiya nake aiki ai zance ya ƙare, in je in ɗauko kawai. Na yi masa godiya na tashi. Ban iya gaya masa ba.

To Yaya, ga iyakar abin da ke hannuna. Ki nuna wa likitocinku wannan takarda, a fassara musu ita kalma-kalma, kada a ɓoye sunana ko abin da na yi. Ki ce musu ɗaya ne cikin magani uku da aka ba ki a jere, kuma babu wani mai rai da ya san wanne ne. Idan suna da hanyar gwaji kafin su yi miki allura, don girman Allah su gwada, idan za a iya ɗaga ranar a ɗaga. Kin ce sun ce ciwon ba zai jira ba, na ji, amma ki sake roƙonsu. Ba na neman ki yafe mini yanzu, ban isa ba. Ki tashi daga kan gadon nan tukuna, sannan ki yi mini duk abin da kika ga dama.

Ki gaishe mini da baban yara, ki ce masa ina jin kunyarsa. Ki shafa mini kan 'yan biyu. Kawu da matarsa suna gaishe ki, Goggo ma ta ce kullum kina cikin addu'arta, maigidana yana yi miki fatan sauƙi. Inna ban gaya mata komai ba. Da ta ga ina rubutu ta tambayi wa nake rubuta wa, na ce ke ce. Ta ce in gaishe ki da kyau, in ce miki ki kwantar da hankalinki ki shiga tiyatarki, tunda Allah Ya sa takardarki a hannun 'yar'uwarki take.

Allah Ya tashi kafaɗunki, Ya sa mu sake ganawa.

Ƙanwarki,
Auta