Na Ba Mama Dooshima Ɗakinka

Yaya Isa,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Hauwa da yara? Mu nan Akurba lafiya, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Ka tuna Mama Dooshima, maƙwabciyarmu mai sayar da doya? Damina ta makara bana, da ta zo kuma ta zo da ƙarfi. Leda ta toshe kwatar layinmu, ruwa ya kwararo ya rushe mata ɗaki. Na same ta tsaye cikin laka tana cewa, "Rabi, ban taɓa zuba shara a kwata ba, amma ni ruwa ya ci."

Na sa ta a ɗakinka ita da jikokinta, ban jira izininka ba. Na san halinka.

Ku sa ta a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Rabi