Addu'ar Maman Biyu

Laraba, 5 ga Maris

Yau Maman Biyu ta kwance mini zani a kasuwa, kuma wai da sunan addu'a. Muna taron zumuntar mata, kowa a durƙushe ido a rufe, sai na ji muryarta: "Ya Ubangiji, ka taɓa Baba Malam, mijin 'yar'uwarmu, wanda ya fita sayen burodi ya manta hanyar gidansa." Mata suka ce amin, irin amin ɗin wanda ya samu labari mai zafi. Ita kaɗai na gaya wa. A kicin ɗina, ina kuka, ta dafa ni ta ce maganar tsakaninmu ce da Allah. Ashe ita ba ta iya yi wa Allah magana sai ta tara shaidu.

Alhamis, 6 ga Maris

Ban yi addu'ar safe ba. Ina buɗe baki zagi ne ke zuwa, sai na rufe.

Lahadi, 9 ga Maris

Ga amfanin addu'ar tata nan. Fasto ya tare ni a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa kamar mai gaisuwar mutuwa: "Mama, bari Baba ya ɗan huta da karatun nassi." Huta! Mutumin da tun Fasto yana rarrafe yake tsayawa gaban jama'a yana karatu. Tun jiya ya goge takalmi, ya sa alama a shafin. Aka kira wani ya hau, yana ta tuntuɓe da sunaye. Baban yara ya taɓa ni ya ce, "Ba yau ne nawa ba?" Na ce sai mako mai zuwa. Na yi ƙarya a cikin coci, alhakin kuma yana kanta.

Talata, 11 ga Maris

Maman Biyu ta zo. Ta ƙwanƙwasa har ta gaji, tana "Yaya, ki saurare ni." Na ƙara wa rediyo murya. Kullum ana ce mana mu yafe, to a fara koya wa mutane riƙe bakinsu mana.

Asabar, 15 ga Maris

Na je ofishin Fasto, ban ma zauna ba. Na ce mijina ba mahaukaci ba ne, mantuwa ce irin ta kowa, wa bai taɓa manta makulli ba? Ya ce tsoronsa kada Baba ya ji kunya a gaban mutane. Na ce kunyar da kuka riga kuka ba shi fa? Ya sunkuyar da kai, ya ce to gobe ya karanta. Na fito ina jin na ci nasara. Gobe sai Maman Biyu ta zo ta kasa kunne.

Lahadi, 16 ga Maris

Ya fara da kyau. Muryar nan tasa ta cika majami'a, har na waiwaya ina neman idon Maman Biyu. Sai ya tsaya. Yatsansa yana kan layin, amma ya ɗago yana kallon mutane kamar bai taɓa ganinsu ba. Ya kira sunana a lasifika. Ban tashi daga wurina ba.

Sai ga murya daga bencin baya tana faɗin ayar da ka, a hankali, kalma bayan kalma. Ita ce. Ya kama, ya bi ta, suka kai ƙarshe tare. Jama'a suka ce amin, ba wanda ya kalle ni.

Haushi ya kusa kashe ni. Duk cocin nan a rasa mai taimakonsa sai ita?

Litinin, 17 ga Maris

Yau na yi addu'a, in ana kiran wannan addu'a. Faɗa na yi. Na ce Ubangiji, mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana karanta maganarka, ita ce za ka zare masa daga kai? Ban ji amsa ba. Na wanke kwanuka da ƙarfi har na fasa kofi. Ni na kai shi gaban mutanen nan, wannan kam ba zan iya ɗora wa kowa ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Na gaya wa Fasto a bar Baban yara ya huta. Da na dawo na zauna kusa da shi, na faɗa masa gaskiya duka, har da dalilin. Na shirya zai yi faɗa. Ya daɗe yana shafa bangon Littafi Mai Tsarki, sannan ya ce, "Ai na daɗe da sani. Ke ce na ga ba ki shirya ji ba."

Da yamma Maman Biyu ta sake ƙwanƙwasawa, wai za ta zauna da shi in samu in runtsa. Ban ce na yafe ba, kada ta ɗauka haka. Kujera kawai na ba ta. Na kwanta ina jin su a falo, tana karantawa yana gyara mata, har barci ya kwashe ni.