Igiyar Ƙofar Murhu

Laraba, bayan sallar isha'i

Yau dai na gyara tsohon murhun ɗumama ɗakin nan mai cin ƙwayoyin garin katako. Tun shigowar sanyi, duk sanda na kunna shi sai Rakiya ta kama tari, ga ta da tsohon ciki, ni kuwa ina ta cewa mura ce. Da safe ta ce, "Baban Amira, ko ka fitar da abin nan, ko ni in nemi wajen kwana." Sai na durƙusa na duba. Ashe igiyar da ke zagaye da ƙofar, mai tare hayaƙi, ta bushe, ina taɓa ta tana marmashewa.

Shago biyu a unguwar Sanyuanli, nan China, suka ce min "meyo", wato babu. A na uku wani tsoho ya karɓi guntun da na kai, ya gwada kaurinsa, ya yanko min sabuwa, ya haɗo da baƙin gam. Da hannu ya kwatanta min: a kankare tsohon gam tas, kada a ja igiyar, a danna ta a hankali.

Haka na yi, Rakiya na haska min da waya. Don in gwada ko ƙofar ta matse, na rufe ta a kan takarda, na ja takardar, ta ƙi fitowa. Alhamdulillahi.

Sai gobe gam zai bushe, yau bargo biyu muka haɗa. Na ba Rakiya haƙuri, don na ji kunya ƙwarai. Ta ce, "Ya wuce. Amma gobe ni zan kunna, kai ka tsaya ka shinshina."