Muryar Motar Baba

Yamai, daren Alhamis

Yau na ɗauko motar Baba daga garaji a Katako, makaniki ya gama saka mata turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi. Na daɗe ina son haka, don na gaji da yadda take nishi a kan gada in na nufi Lamorde, har 'yan kabu-kabu suna wuce ni suna dariya. Yanzu kam, ko taɓa ta na yi sai ta zabura. Na yi ta murmushi ni kaɗai a hanya.

Da na iso unguwarmu Bukoki sai na tarar da ƙofar gida a rufe. Tun Baba na da rai, daga kwanar masallaci Inna take gane motar nan da gurnaninta mai kama da tarin tsoho, sai ta tashi ta buɗe ƙofa. Bayan rasuwarsa ma ba ta daina ba. Yau sai da na yi ta ƙwanƙwasawa.

Ta ce, "Au, kai ne? Na ji wata mota tana fito, na ɗauka baƙin maƙwabta ne." Ta daɗe tana kallon motar. "Abdu, ina ka kai muryarta?"

Na fara yi mata bayanin ƙarfin inji. Ta ce to, Allah ya tsare hanya, ta koma ɗaki.

Ga ni kwance ina neman tsohuwar ƙarar a kunnena, ta ƙi zuwa. Ashe tun rasuwar Baba, kowace yamma ba ni kaɗai Inna take buɗe wa ƙofa ba.